Ma'aikatan Lafiya Masu Yawo: Wata Uku a Nan, Wata Uku a Can

A fitowar wannan makon mun kawo muku bayani a kan wani irin aiki da ake ƙara nema a ƙasar Amurka, wato aikin lafiya na tafi-da-gidanka. Mun zaɓi wannan batu ne musamman saboda 'yan aji uku, waɗanda nan gaba kaɗan za su zaɓi ajin kimiyya ko na fasaha ko na kasuwanci.

Su wa muke nufi?

Idan aka ce asibiti, likita da nas ne suke fara zuwa mana a rai. Amma akwai wasu ma'aikata da idan babu su, aikin likita ma tsayawa zai yi. Akwai masu gwajin jini da fitsari a ɗakin gwaje-gwaje. Akwai masu ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi da na ciki. Akwai masu gashin ƙashi, waɗanda suke taimaka wa mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya karye har ya koma tafiya. Akwai masu kula da na'urar numfashi, da masu koya wa mara lafiya magana bayan bakinsa ya ɗaure. Likita zai iya zargin tarin fuka, amma sai mai gwajin majina da mai ɗaukar hoto sun yi nasu aikin kafin a tabbatar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaya aikin yawon yake?

A Amurka akwai kamfanoni irin su AMN Healthcare da Aya Healthcare da suke haɗa asibitoci da ma'aikata. Asibitin da ya rasa mai ɗaukar hoto zai sanar da kamfani, kamfani kuma ya turo masa mutum daga wata jiha. Yawanci kwantiragin na mako 13 ne, wato wata uku ke nan. Idan ya ƙare, ma'aikacin zai iya sabuntawa, ko ya tattara kayansa ya nufi wani gari, ko ya koma gida ya huta.

Ban da albashi, ana ba shi alawus na haya da abinci. Idan yana da gidansa na asali da yake ci gaba da ɗawainiya da shi, ba a cire haraji daga wannan alawus. Shi ya sa sau da yawa abin da mai yawo yake samu ya fi na abokin aikinsa da ke zaune wuri ɗaya. Sai dai kamfanoni sun fi son wanda ya yi aiki na shekara ɗaya ko biyu, domin ba za a tsaya koya masa aiki ba. Kwana ɗaya ko biyu za a zagaya da shi, sai a bar shi da marasa lafiya.

Me ya sa ake ƙara neman su?

Dalili na farko shi ne tsufa. An haifi yara masu yawan gaske a Amurka tsakanin 1946 da 1964, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa shekarar 2030 dukansu za su kai shekara 65 ko fiye. Tsofaffi sun fi buƙatar gwaji da hoto da gashi. Kuma a cikin waɗannan tsofaffin akwai ma'aikatan lafiya da su ma suke yin ritaya.

Na biyu, cutar korona. A shekarar 2020 asibitocin birnin New York sun cika maƙil, aka rasa isassun masu kula da na'urar numfashi, sai aka riƙa ɗauko su daga wasu jihohi da kuɗi mai tsoka. Bayan cutar ta lafa kuɗin ya ragu, amma asibitoci sun riga sun saba da wannan hanya.

Na uku, ƙauyuka. Ƙaramin asibiti da ke nesa da birni yana wahalar samun wanda zai zauna dindindin. Wanda ba zai yarda ya yi shekara goma a can ba, zai iya yarda ya yi wata uku.

Na huɗu, yanayi. Idan sanyi ya tsananta a arewacin ƙasar, tsofaffi da yawa sukan koma jihohin Florida da Arizona masu ɗumi. Asibitocin can sai su buƙaci ƙarin hannu na 'yan watanni kawai.

Akwai kuma batun lasisi. Amurka tana da jihohi 50, kowace da nata izinin aiki. Yanzu fiye da rabinsu sun shiga wata yarjejeniya da ta sauƙaƙa wa mai gashin ƙashi ya yi aiki a wata jiha ba tare da ya sake neman sabon lasisi daga farko ba.

Ba daɗi kaɗai ba ne

Mai yawo yana nesa da iyalinsa. Duk wata uku sai ya nemi sabon ɗaki, ya koyi sabuwar kwamfuta da sababbin dokoki. Asibiti yana iya soke kwantiragi idan marasa lafiya suka ragu, alhali mutum ya riga ya biya haya. Shi ma asibitin yana kashe kuɗi da yawa, kuma tsofaffin ma'aikatansa sukan ji haushi idan baƙo ya fi su albashi a kan aiki iri ɗaya. Abu mafi muhimmanci, yawo ba ya ƙara yawan ma'aikata. Wanda ya toshe giɓi a wani gari, ya bar giɓi ne a garin da ya baro.

Ina ruwanmu?

Mu ma a Nijeriya ma'aikatan lafiya suna barin ƙasa zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya, kuma na ƙauye suna komawa birni. Maganin giɓi shi ne a samu ƙarin masu karanta waɗannan fannoni. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da gashin ƙashi da ɗaukar hoto da kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Karatun yakan ɗauki shekara biyar ko shida, sannan a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Ana buƙatar sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji.

Don haka 'yan uwa, kada wanda yake son aikin asibiti ya ɗauka cewa idan bai samu gurbin likita ba shi ke nan. Mu riƙe lissafi da kimiyya tun daga yanzu, mu kuma tambayi malamanmu na kimiyya kafin mu cike takardar zaɓen aji. Mai tambaya ko gyara ya rubuto ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta