Ganga a Matsayin Ɗakin Kare: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A karkarar kudancin ƙasar Amurka, inda farauta da karnuka ta zama gado, ido ya saba da ganin ganguna kwance a jere a bayan gida, kowace da karenta a baki. Wasu na katako ne, irin waɗanda masana'antun barasa na jihar Kentucky suka gama amfani da su, domin dokar ƙasar ta ce barasar da ake kira bourbon sai a sabuwar ganga za a adana ta, don haka tsofaffin suke yawa a kasuwa. Amma akasari yanzu shuɗin duro ne na roba mai cin lita 208, wanda mu ma muke tara ruwa da shi a gidajenmu. Duron yana da araha, ba ya ruɓewa, kuma da wuƙa mai kaifi ko zarto za a fitar masa da ƙofa. Shi ya sa mai karen gadi ko na farauta a nan ma yake iya sha'awar dabarar. Sai dai amfaninta a can maganin sanyi ne, mu kuwa babbar matsalarmu zafi ce.

Abin da ya sa ta karɓu a can

A ƙasar da ruwa ke daskarewa da dare, ƙaramin ɗaki ya fi babba amfani ga kare. Ɗumin jikinsa ne kaɗai wutar da yake da ita, kuma wuri matsattse ya fi saurin ɗumama. Ganga ba ta da kusurwar da iska za ta kurɗa, ƙofarta ɗaya ce, idan kuma aka cika ta da busasshen karan alkama, karen zai tona ya shige ciki ya naɗe. Masu karnuka a can ba sa son bargo ko tsumma a lokacin sanyi, saboda suna shan raɓa su jiƙe su daskare, alhali karan alkama ba ya riƙe damshi haka.

A wurinmu wannan fa'ida tana aiki ne a 'yan makonnin hunturu kawai, tsakanin Disamba da Janairu, musamman a wurare masu tudu irin Jos. Sauran watannin shekara, abin da ya sa ganga ta yi kyau a Kentucky shi ne zai iya sa ta zama haɗari a Sakkwato.

Me aka taɓa zubawa a ciki?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a yi ciniki. Duron da ake sayarwa a kasuwa kusan duk na hannu ne. Wani ruwan lemo ko man girki ya ɗauko, wani kuwa maganin feshi, sinadarin rini, ko man inji. Roba tana tsotse wasu sinadarai ta riƙe su, ta yadda ko an wanke da omo sau nawa, idan rana ta buga sai warin ya dawo. Kare kuwa da hanci yake rayuwa, yana lasar bango, yana tauna bakin ƙofa, ga shi zai kwana a ciki yana shaƙa. Akwai wani sinadarin sanyaya injin mota mai zaƙi-zaƙi a baki, wanda kaɗan daga cikinsa yake lalata ƙodar kare har ya kashe shi.

Duron da takardar jikinsa ta nuna abinci ya ɗauko shi ne abin nema. Wanda aka kankare takardarsa, ko yake da warin da ba ka gane ba, bar wa mai shi kayansa ko da kyauta zai ba ka.

Duron ƙarfe kuma a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Da rana yana ƙona fata, da asubar hunturu yana zuƙe ɗumin jiki, bakinsa da aka yanka yana yankan kunne da ƙafa. Ga kuma haɗarin yanka shi: duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da ya bushe, tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa da zarar tartsatsin injin yanka ya taɓa shi.

Zafi, wanda shi ne ainihin maganar

Kare ba ya gumi kamar mutum. 'Yar zufar da yake yi a tafin ƙafa take, sauran aikin sanyaya jiki kuwa da haki yake yin sa: ya zaro harshe, iska ta busar da yawu, zafi ya fita. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne. Idan ya haura 41, an shiga haɗari: ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suna iya lalacewa cikin ɗan lokaci. To a Maiduguri ko Sakkwato ko Yamai, a watan Afrilu iskar waje kanta tana wuce digiri 40 a inuwa. Shuɗiyar roba da aka ajiye a tsakar rana, mai ƙofa ɗaya ba taga, cikinta tanderu ne.

Karen da yake sake zai guje ta da kansa, ya nemi gindin bishiya ko ya tona rami a ƙasa mai laima. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗaurarre. Idan sarƙarsa ba ta kai ko'ina ba sai bakin duro, an bar shi da zaɓi biyu ne, rana a waje ko turara a ciki. Wannan zalunci ne, ko da mai karen bai yi niyya ba, kuma dabbar da ka ɗaure haƙƙinta yana wuyanka.

Saboda haka duro ba ya zama inuwa. Shi kansa inuwa yake buƙata. A girka shi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko a yi masa rumfar zana wadda iska ke ratsawa. A huda ramuka da dama a gindinsa ta sama, domin iska mai zafi ta samu hanyar fita. Ruwan sha kada ya yanke, kuma a kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba. Idan ka ga kare yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu yana dalala, dasashinsa ya yi jawur, yana tangaɗi, kai shi inuwa nan take, ka jiƙa shi da ruwa mai sanyi, sannan a garzaya wurin likitan dabbobi.

Katako ko roba?

Wajen zafi katako ya fi, domin ba ya saurin ɗaukar rana, kuma yana numfashi. Amma gangar katako an ƙera ta ne don ta zauna da ruwa a ciki. Idan ta bushe, allunan suna tsukewa, zoben ƙarfen ya saki, ta soma wargajewa, kuma iskar hunturu tana gaggauta hakan. Gara ma ba za ta ƙyale ta ba. Mafi muni, tsagogin katako maɓoyar kaska ce. Kaskar kare ja-ja ɗin nan takan sauka daga jikinsa ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai, 'ya'yan su fito su sake hawa, suna ɗauke da cututtukan da ke shanye jini.

Roba santsi ce, ba ta da maɓoya, bokitin ruwa da sabulu sun ishe ta. Aibinta shi ne gumi: numfashin kare yana taruwa a bango da dare ya gangaro ya jiƙa shimfiɗa. Ƙananan ramuka a cikinta ta ƙasa suna magance wannan. A ƙasarmu dai gangar katako ba ta cika samuwa ba, don haka zancen kusan duk na roba ne.

Ba kowane kare take ɗauka ba

Faɗin duro mai lita 208 bai wuce santimita 60 ba, tsawonsa kuma kusan 90. Karen gida irin namu, siriri mai matsakaicin jiki, zai shiga ya juya. Karen Jamus da ake sayowa don gadi kuwa tsayinsa a kafaɗa yana kaiwa santimita 65, ke nan ko miƙewa ba zai iya yi a ciki ba. Jihar Texas ta Amurka ta kafa doka da ta soma aiki a Janairun 2022, wadda ta hana ɗaure kare a waje da sarƙar ƙarfe, ta kuma ce dole mafakarsa ta ishe shi ya tsaya, ya zauna, ya juya, ya kwanta yadda ya saba. Ma'auni ne mai kyau ko a inda babu doka. Karya mai shayarwa ma duro bai dace da ita ba, domin gangaren cikinsa yana tara 'yan kwikwiyo wuri guda a ƙarƙashinta, ta danne su.

Girkawa

Kada a kwantar da shi a ƙasa kai tsaye. A ɗora shi kan bulo ko katako, a tokare shi hagu da dama don kada ya mirgina, domin karen da duro ya taɓa juyawa da shi ba zai ƙara yarda ya shiga ba. A ɗan karkata shi gaba yadda ruwa zai fita. Wajen yanka ƙofa a bar ɗan dakali a ƙasa mai tare shimfiɗa, a goge bakin har ya daina kaifi, a sa allo shimfiɗaɗɗe a ciki don bayansa ya huta. Ƙofar kada ta kalli gabas, tunda daga can hadarin damina yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Kudu ta fi.

Ƙasan wurin ma abin lura ne. Akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya ɓata, tsutsar ta huda fatar kare ta zauna kamar maruru, kuma ƙananan karnuka ta fi kamawa. A riƙa share wurin kullum, a canja shimfiɗa duk mako, a kuma leƙa ƙarƙashin duron da tocila kafin a zura hannu, saboda kunama da maciji.