Saƙar Rigunan Bazara da Zaren Auduga

A unguwannin Kaduna na arewacin kogi, kamar su Kawo da Unguwar Rimi da Badarawa da Unguwar Shanu, akwai mata da yawa waɗanda suka ƙware wajen saƙar hannu. Da ɗari ya kama, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kasuwarsu ta buɗe, ana neman suwaita da hulunan jarirai da safa. Amma da zarar Maris ya shiga, sai yawancinsu su ajiye tsinkayen saƙa, suna zaton sana'ar ta ɗari ce kaɗai. Wannan hasara ce, gama watannin zafi da damina sun fi na ɗari yawa. Idan aka sāke zare da salon saƙa, sana'ar tana iya ci shekara duka.

Dalilin Zaɓen Auduga

Zaren da aka fi sani da sunan ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tumaki ba ne. Zaren roba ne, wanda ake sarrafawa daga man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar da irinsa a 1950. Yana da araha, yana kuma riƙe ɗumi, shi ya sa ya dace da hunturu. Aibinsa shi ne ba ya shan laima. Auduga takan tsotsi laimar da ta kai wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, shi kuwa zaren roba wajen kashi 2 ne kawai.

A Maris da Afrilu zafin rana a Kaduna yakan kai digiri 35, wani lokaci ya zarce. Jiki kuwa da zufa yake sanyaya kansa. Idan tufa ta tsotse zufa, iska ta ratsa ta busar da ita, sai mutum ya ji sanyi. Idan kuwa zufa ta kwanta a fata, sai ƙofofinta su toshe, ƙurajen zafi su fito. Jarirai ne suka fi shan wannan wahala, musamman idan an sa musu suwaitar roba sa'an nan aka goye su. Akwai kuma hatsarin wuta: zaren roba yakan narke ya manne a fata, abin tsoro ne ga yaron da ke rarrafe kusa da murhu.

Auduga Ba Baƙuwa Ba Ce

Tun kafin zuwan Turawa matan ƙasar Hausa ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da abawa da mazari. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, ya bazu a ƙasashen Zazzau da Katsina, Funtuwa ta zama cibiyar cinikinsa. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, kudancin kogi, a zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Wasu masaƙu suka biyo baya, har Kaduna ta yi suna da saƙa. Masaƙar nan ta farko ta daina aiki a 2002. Saboda haka zaren saƙar hannu na kanti yau yawancinsa daga ƙasashen waje yake zuwa, lalle ne mai saye ta san yadda za ta tantance shi.

Yadda Ake Gane Zare

Kafin a sayi zare da yawa a babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a kasuwar Kawo, ya kamata a sayi dunƙule guda a gwada. A yanki ɗan guntu, a ɗora bisa faranti, a kyasta masa ashana, nesa da yara. Auduga takan ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yakan narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Gashin tumaki kuwa warin ƙonannen gashi yake yi.

Akwai zaren auduga mai sheƙi, wanda aka tsoma cikin ruwan soda mai ƙarfi, dabarar da wani Baingile mai suna John Mercer ya gano a 1844. Wannan ya fi ƙarko, ya kuma fi riƙe launi. Fari da sauran launuka masu haske sun fi baƙi daɗi a rana.

Yadda Ake Saƙa

Zare siriri ya fi dacewa, da tsinke ko kwarashi mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Auduga ba ta da talewa kamar ulu, don haka kada a matse hannu. Saƙa mai huji-huji ita ce ta bazara, gama ta hujin nan iska ke shiga, kuma ba ta cin zare da yawa. Ga rigar babbar mace, sai a yi ta don ɗorawa bisa shimi, ko kuwa a tsuke saƙar gaba, a bar huji a hannu da gefen ƙasa.

Kafin a fara riga, sai a saƙa ɗan ƙyalle mai inci 4 kowane gefe, a wanke, a shanya, sa'an nan a auna. Dalili kuwa shi ne auduga takan tsuke a wankin farko. Misali, idan idon saƙa 6 ne ke cika inci guda, ƙirjin yaro kuwa inci 20 ne, sai a ƙara inci 2 don rigar ta yi sakayau. Ke nan ido 132 ake bukata, 66 gaba, 66 baya. Wadda ta ƙi wannan gwaji don gaggawa, sau da yawa takan warware aikin mako guda.

Wanki da Ajiya

A wanke rigar da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a matse a hankali, kada a murɗe. Kada kuma a rataye ta a igiya, gama nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo, wuyanta ya buɗe. A shimfiɗa ta bisa tabarma mai tsabta a inuwa. Da damina a tabbata ta bushe sarai kafin a ninke, don kada ta yi fumfuna.

Macen da ta kiyaye waɗannan ƙa'idodi za ta tsare lafiyar 'ya'yanta, ta kuma sami abin sayarwa rani da damina. Ya kamata waɗanda suka iya su koya wa 'yan mata na gidajensu da maƙwabta, domin sana'ar hannu ba ta tsufa.