Daga Aji Zuwa Akushi: Yadda Ake Koyon Japananci

Duk uwargidan da ta taɓa aiken yaro ya sayo mata Ajinomoto ta yi Japananci ba ta sani ba. A harshen mutanen Japan, "aji" na nufin ɗanɗano, "moto" kuma tushe, wato tushen ɗanɗano. Wani malamin kimiyya na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 cikin romon wani ganyen teku mai suna kombu, aka fara sayar da shi a 1909. Ga shi yau har ƙauyukanmu ana kiransa farin magi.

Wannan harshe yanzu ɗalibai ke rububinsa. Ƙidayar da Gidauniyar Japan ta yi a 2021 ta nuna kusan mutum miliyan 3 da dubu 800 ke koyonsa a makarantun ƙasashe da yankuna 141, mafi yawansu a Sin da Indonesiya da Koriya ta Kudu. Wasu neman karatu ko aiki ya kawo su. Da dama kuwa finafinan zane irin su Naruto da One Piece suka janyo su, ko kwaɗayin abincin da suka gani a cikinsu.

Bahaushe na da sa'a wajen furuci. Wasulan Japananci biyar ne, irin namu: a, i, u, e, o. Su ma suna jan wasali ma'ana ta sauya. Yadda muke bambanta gari na zama da garin tuwo, haka "obasan" ke nufin goggo ko inna, in aka ja wasalin tsakiya ta koma kaka. Suna kuma da karin sauti: "hashi" na iya zama gada ko tsinkayen cin abinci, gwargwadon inda murya ta hau. Abin da ke wahalar da Bature ke nan, mu kuwa da shi muka tashi. Sai dai a kula, kama da wane ba wane ba ne. "Kuma" a wurinsu wata dabbar daji ce, "buta" kuwa alade.

A rubutu ake yin gumi. Akwai baƙaƙe kala uku, kuma a jimla guda ana iya haɗa su duka. Hiragana 46 ne, kowanne gaɓa guda. Katakana ma 46, da su ake rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi, don haka ɗalibi da su zai fara rubuta sunansa. Na ukun su ne kanji, waɗanda aka aro daga Sin, kowanne da ma'anarsa. Gwamnati ta ware 2,136 don amfanin yau da kullum, yaran firamare kuma kan koyi 1,026 cikin shekara shida. Wasunsu akwai hikima a ciki: alamar bishiya in ta zama biyu kurmi ke nan, in ta zama uku daji, in aka jingina alamar mutum da ita sai ta ba da hutu. Wahalar ita ce harafi ɗaya kan yi karatu biyu ko fiye. Alamar dutse "yama" ce, amma a sunan dutsen Fuji sai a karanta ta "san".

Duk da haka, wanda ya haddace baƙaƙe bai gama ba sai ya san da wa yake magana. Mu kan ce wa babba "ku". Su kuwa aikatau ɗin kansa suke sauyawa. Ɗauki kalmar "ci". Tsakanin abokai "taberu" ce. In malami ne ke ci, sai a ce "meshiagaru" don girmama shi. In kai ne za ka ci a gabansa, sai ka ƙasƙantar da kai ka ce "itadaku", wato karɓa daga sama. Nan ne ɗan kallon finafinai kan yi tuntuɓe, domin jaruman zane kan yi magana gatsau, irin wadda in ɗalibi ya yi wa malaminsa za a ce ba shi da tarbiyya.

Shi ya sa wasu malaman harshen kan fitar da ɗalibai daga aji su zaunar da su gaban abinci. Kafin loma ta farko kowa zai haɗa tafukansa ya ce "itadakimasu", godiya ga wanda ya noma da wanda ya dafa. In an gama a ce "gochisosama". A tsakani akwai dokoki. Ba a soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, ba a kuma miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, don duka biyun al'adun jana'iza ne. Amma zuƙar taliya da ƙara, wadda a gidajenmu za ta jawo harara, a can ba laifi ba ne. Tsarin cimarsu na gargajiya, shinkafa da romo guda da mahaɗi uku, na cikin abin da suke kira washoku, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun da ake adanawa a 2013.

Baƙo kan zaci ɗanyen kifi kawai suke ci. Da ya zauna zai ga 'yan gida. Tofu awara ce. Natto, waken suya da aka bari ya ruɓa har yana yauƙi, ɗan'uwan daddawa ne a wari da yadda ake yinsa. Suna cin kuɓewa, suna kuma barbaɗa riɗi, wanda Najeriya na cikin masu sayar musu.

Ɗalibi Musulmi kuwa sai ya buɗe ido. Ana yawan yin romon taliyar ramen da ƙashin alade, ana kuma zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, a miya da yawa. Alamar alade da ta giya na cikin kanjin da ya kamata ya fara ganewa a jikin kwali. In ya yi shakka ya tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mai son shiga wannan hanya ya san akwai jarrabawar ƙwarewa a harshen, JLPT, da aka fara a 1984, mai matakai biyar daga N5 zuwa N1, wadda ake yi a Yuli da Disamba. Akwai kuma tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT, tun 1954, da ake nema ta ofishin jakadancinsu. Ya fara da hiragana, baƙi biyar kullum, cikin kwana goma ya gama. Ranar da ya ɗauki ƙullin farin magi ya iya karanta sunan da baƙaƙen masu shi, ya san ajin nasa ya fara ɗanɗano.