Bindigar maƙeri: da jikin mai ita ake auna ta

A ƙasar Gaya, inda hanyar Kamba ta Najeriya ta haɗu da ta Malanbil ta Benin, maharba sun san bindiga iri biyu: ta kanti, wadda masana'anta ke fitarwa dubu-dubu, da kuma adaka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, aikin maƙerin gargajiya. Sai dai ba duk wadda ta fito daga maƙera ce aka ƙera domin mutum guda ba. Wanda ya sayo tsohon bututu da kunama ya ɗaura su bisa itace, haɗi kawai ya yi.

Ƙira ta gaskiya daga jikin mai bindigar take farawa. Maƙeri zai dubi tsawon hannunsa da faɗin kafaɗarsa, ya tambaya ko bahago ne, ya kuma ji irin naman da yake bi, domin mai farautar zabi da mai bin gyado ba nauyi ɗaya suke buƙata ba. Sannan a sassaƙa gindin, maharbi ya kafa shi a kafaɗa, a rage, a sake gwadawa, har idonsa ya riƙa faɗawa kan saiti ba tare da ya karkata wuya ba. Gidan Purdey na Landan, da aka kafa a 1814, irin wannan awon yake yi wa attajirai, da kuɗin da zai gina gida a Doso.

Inda aka bar mu a baya shi ne bututun. A Saint-Étienne ta Faransa tun 1782, a Birmingham ta Ingila tun 1813, akwai gidan gwaji: a ɗura wa bututu albarushi fiye da kima, a harba, in ya jure a buga masa hatimi. Namu kuwa sau da yawa bututun famfo ne ko sandar sitiyarin mota. Maƙeri mai tsoron Allah yakan ɗaure bindigar a itace ya ja kunamar da igiya daga nesa. Mai gaggawar kuɗi yakan bar gwajin a hannun mai saye, wanda kan biya da yatsunsa ko idonsa.

Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta buƙaci a sa wa kowane ƙaramin makami lamba. Nijar ta fita daga ƙungiyar a 2025. Adaka dai har yanzu ba ta da lamba, kuma in jandarmomi suka kama ta a hannun ɗan fashi, babu rajistar da za ta nuna maƙerar da ta fito.