Dogon da Ya Tsaya a Nguru

Duk shekara, da sanyin hunturu ya fara sauka, baƙi kan cika fadamun Haɗeja. Agwagin ruwa ne da sauran tsuntsaye daga Turai da Asiya, sun ƙetare teku da Sahara, sun sauka a Baturiya da tafkunan Nguru suna kiwo har zafi ya shigo. Da bazara ta kama kuma sai shamuwa ta iso daga kudancin nahiyar nan, ta zo mana da albishirin damina. Babu mai tambayar su fasfo. Amma magidancin da ke zaune a bakin Kogin Haɗeja, in ya so ya kai iyalinsa hutu Damagaram ko Maraɗi ko Yamai, sai ya shirya wa cunkoson motar haya, da shingayen hanya, da gajiyar da za ta cinye rabin hutun. Alhali kuwa ga layin dogo nan kwance a Malam Madori, daf da Haɗeja, fiye da shekara 90 ke nan.

A Turai, zaga ƙasashe cikin jirgin ƙasa ya zama ruwan dare. Tun 1972 aka fito da tikitin Interrail domin matasa, yanzu kuwa babba da yaro na saye, yana kuma aiki a ƙasashe 33. Tun 1994 jirgi ke bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Faris, tafiyar awa biyu da ’yan mintoci. Akwai jiragen dare masu gadaje, mutum ya kwanta a wata ƙasa, gari ya waye masa a wata. Abu uku ne suka sa hakan ta yiwu: faɗin dogon yawancin ƙasashen ɗaya ne, an sassauta binciken kan iyaka, sannan jirgi na tashi a lokacin da aka rubuta.

Wanda ya ji wannan zai iya ɗauka cewa irin wannan tafiya baƙuwa ce gare mu. Ba haka ba ne. Kakanninmu sun yi ta, sai dai ba yawon buɗe ido ya fitar da su ba, ɗakin Allah suka nufa. Bayan faɗuwar garin Burmi a hannun Turawa a 1903, jama’a da yawa sun yi hijira gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Hanyar nan ta gabas ita alhazai suka ci gaba da bi: ta Borno, ta Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, ta Abeshe da Janaina da Fashir. Kusan lokacin da jirgi ya iso Kano a 1911, dogon Sudan ma ya kai garin Al’ubayyid. A nan maniyyacin da ya sha tafiya a ƙasa ko a bayan jaki, daga baya kuma a bayan babbar mota, yake samun tarago. Ya bi ta Kosti ya ƙetare Farin Nilu, ya dangana da gaɓar Bahar Maliya, sannan jirgin ruwa ya tsallaka da shi Jidda. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya yada zango a gonakin audugar Jazira, ya yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu, ya ci gaba. Wasu a can suka zauna, jikokinsu na nan suna Hausa har yau.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne giɓin da ke tsakiya. Dogon Najeriya da na Sudan faɗinsu ɗaya, milimita 1,067, domin Ingila ce ta shimfiɗa duka biyun. Na Sudan ya matso yamma har Niyala a 1959, namu ya matsa gabas har Maiduguri a 1964. Tsakaninsu sai ƙasar Cadi, wadda har yanzu ba ta da layin dogo. Da an haɗa bakin biyu, da taragon da ya tashi daga Kano zai iya tsayawa a bakin Bahar Maliya ba tare da an sauke fasinja ba.

Me ya hana? Amsar tana nan a kan layinmu na gida. An kammala reshen Kano zuwa Nguru a 1930, tsawonsa ya haura kilomita 200, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Bai shigo birnin Haɗeja ba, duk da sarautarta da kasuwarta. Ya bi ta tudu ne, ƙasar jigawa inda gyaɗa ke yi. Malam Madori ta bunƙasa da sikeli da kantunan kamfanoni da ’yan dako, buhuna na hawa tarago suna gangarawa Ikko. Nguru kuma ta zama matattarar shanu da fatu da ƙaro. Iyakar Nijar ba ta da nisa daga nan, amma dogon bai tsallaka ba, domin ba don sada zumunta aka yi shi ba. An yi shi ne don kwashe amfanin ƙasa zuwa bakin teku. Faransa ma haka ta yi a nata ɓangaren: ta ja dogo daga Kwatano ya tsaya a Faraku, bai taɓa kaiwa Nijar ba, faɗinsa kuma mita ɗaya cif, ta yadda ko an haɗa shi da namu ƙafar jirgi ba za ta hau ba. Da kasuwar gyaɗa ta faɗi, manyan motoci suka karɓe dako, sai layin Nguru ya koma tamkar maraya.

Ba wai Afirka ba ta iya ba. A 1975 aka gama dogon TAZARA mai kilomita 1,860 daga Darussalam a Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi a Zambiya, fasinja na kwana a cikinsa yana kallon namun daji ta taga. Habasha da Jibuti sun haɗe da jirgi mai aiki da lantarki. Alhazanmu na yanzu kuwa sun ɗanɗana jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018, mai cinye kilomita 450 tsakanin Makka da Madina cikin ƙasa da awa 3. Wanda ya hau shi ya dawo gida ya shiga motar Kano zuwa Haɗeja ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Shi ya sa aikin dogon Kano zuwa Maraɗi ya cancanci a zuba masa ido. An aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Shi ne karon farko da dogon Najeriya zai taka ƙasar maƙwabciya. Sai dai ƙarfe kaɗai ba ya kai mutum ko’ina. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022 ya nuna cewa in babu tsaro, tarago ba mafaka ba ne. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da ficewarta daga ECOWAS a farkon 2025, sun nuna cewa sa hannu ɗaya na iya tsayar da jirgi cak. Sannan sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, ya bambanta da tsohon na Nguru. In ba a gyara tsohon an daidaita lokutansu a Kano ba, mutumin Haɗeja sai dai ya ji labari.

Gyaran nan kuwa ba alfarma ba ce. Kifin kasuwar Haɗeja da shinkafar fadama da riɗi duk kaya ne na tarago, kuma su za su riƙe layin. Inda jirgin kaya ke bi a kai a kai, ƙara masa taragon fasinja ba abu ne mai wuya ba. A ranar da hakan ta tabbata, malamin makaranta zai ɗauki ’ya’yansa da hutun ƙarshen shekara, su hau a Malam Madori, su sauya jirgi a Kano, su kwana wurin dangi a Maraɗi. Ɗalibin Maraɗi kuma ya biyo bayansu da hunturu, ya shiga kwalekwale a Baturiya, ya ga tsuntsayen da suka riga shi sanin hanya.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kakanninmu sun biya wannan farashi da tafin ƙafarsu tun daga bakin Kogin Haɗeja har Al’ubayyid kafin su ga tarago. Mu kuwa taragon a ƙofar gidanmu aka bar mana shi. Abin da ya rage shi ne mu nemi a tashe shi, a kuma ja shi ya wuce inda Turawa suka ajiye shi.