Kububuwar Alakos da jinin doki

Da zarar damina ta kankama a Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, manoma sun duƙufa a gonakin gero, makiyaya na bin sabuwar ciyawa, macizai ma sun fito nasu kiwon. Lokacin noma da na girbi ne aka fi samun saran maciji a duk faɗin Sahel, galibi a ƙafa ko a hannu.

Wane maciji ne ke saran? Masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun tattara macizai 1,714 a wurare daban-daban na ƙasar Nijar tsakanin 2004 da 2008, suka fitar da sakamakon a 2015: iri 51 aka tabbatar a ƙasar. Mafi yawansu ba sa kisa. Daga cikin masu kisan akwai kasa, da kumurci, da kububuwa. Ita kububuwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta kudu inda ruwa ya fi sauka, wadda masana ke kira Echis ocellatus, akwai kuma Echis leucogaster, mai farin tumbi, wadda ta fi son busasshiyar ƙasa irin ta arewacin Damagaram.

Dafin kububuwa jini yake bi. Yana tilasta wa jini ya yi ta daskarewa ƙanana-ƙanana a cikin jijiyoyi har sinadarin daskarewar ya ƙare ƙaf. Daga nan babu abin da zai tsayar da zubar jini: dasashi ya fara tsatsafo, tsohon rauni ya buɗe, fitsari ya yi ja, wani lokaci jinin ya zuba a cikin kai. Abin da ya fi ban tausayi shi ne mutum na iya kwana yana hira da iyalinsa, a ɗauka ya tsira, sai bayan kwanaki ya faɗi.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikin shekarun 1970, likita David Warrell da abokan aikinsa suka tsayar da gwajin da har yau ake dogaro da shi. A ɗebi jini kaɗan, a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a ba da magani. Ba ya buƙatar lantarki, amma sai gilashi, roba ba ta yi. Kowace ƙaramar likita ta karkara za ta iya shi.

Maganin kuwa daga hannun likitocin dabbobi yake fitowa, kuma ba kowa ya san haka ba. Tun zamanin Albert Calmette, a shekarun 1890, hanyar ba ta sauya sosai ba. A tatsi dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, har jikin dabbar ya haɗa garkuwa. Sai a ɗebi jininta, a tace garkuwar, a zuba a kwalabe. Duk tsawon lokacin ana auna jinin dabbar, a ga yawan jajayen ƙwayoyinsa da lafiyar hanta da ƙoda. Maganin EchiTAb-G da aka gwada a Kaltungo ta jihar Gombe daga jinin tumaki aka yi shi a Birtaniya, EchiTAb-Plus kuwa daga dawakai a Kosta Rika, da dafin macizan Najeriya.

Nan ne asalin macijin ke da nauyi. A wani asibitin karkara a Gana, da aka sauya magani aka koma wa wanda aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa 12.1. Kuma maganin Fav-Afrique na Faransa, wanda aka yarda da shi, an daina yin sa, na ƙarshe ya lalace a 2016. Shi ya sa nake ganin ya wajaba duk maganin da za a sayar a Gure ko Tanut a fara gwada shi da dafin kububuwar wannan yanki. Ga wuraren da za a iya neman taimakonsu a wannan gwaji: Nijar na da ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai, Kano na da cibiyar binciken saran maciji a Jami'ar Bayero ƙarƙashin Farfesa Abdulrazaq Habib. Makiyayi ma zai amfana, domin raƙumi da saniya da akuya su ma ana saran su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa sakamakon saran maciji a duniya kowace shekara, ta kuma ɗauki alkawarin rage rabi kafin 2030. Kafin maganin ya wadata a ƙauyuka, wanda aka sara kada a ɗaure masa ƙafa tamau, kada a yi masa tsaga, domin jinin da ba ya daskarewa tsaga ƙara masa hanya take yi. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗora shi a kan amalanke ko mota zuwa likita mafi kusa, ko da ya ce ba ya jin komai.