Yadda Maharban Amurka Ke Shirya Teburin Cika Harsashi

A Amurka, maharba da yawa kan sake cika kwanson harsashi a gida domin rage kashe kuɗi. Dokar tarayya ta yarda mutum ya yi don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisin hukumar ATF.

Ya kamata teburin wannan aiki ya zama mai nauyi, a ɗaure shi da bango, domin na'urar matsewa irin ta kamfanin RCBS ko Lee tana girgiza shi. Ana tanadar sikeli, ma'aunin tsawo, tabarau na kariya da haske isasshe. Albarushi kuwa ana barinsa cikin mazubinsa na asali, nesa da wuta da yara.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana yin wannan sana'a a gida.